Akwatin faya-fayan Baba: waƙa ɗaya, tsawo biyu, wacce ce ta ainihi?

Ɗan Gyallesu:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ce da ni, amma sai kun yi haƙuri na faro daga tushe, don in ban ba da labarin akwatin ba, ba za ku gane abin da ya ɗaure mini kai ba.

Mahaifinmu ya rasu shekara uku ke nan, Allah ya jiƙansa. Ya yi aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje a Samaru tun zamanin Gowon har ya yi ritaya. Da aka zo rabon gado an lissafa komai, har tsohuwar Vespa da ke jingine a zaure, amma akwai wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa da kowa ya leƙa ya ce tarkacen Baba ne. Aka turo mini shi, don ni ne auta kuma ni aka sani da kwashe-kwashe. Sai bayan babbar sallar da ta wuce na zauna na buɗe shi da kyau. Faya-fayan garmaho ne, guda 63, manya 41, ƙanana 22. Kowanne ya rubuta sunansa da shekarar da ya saya a bayan kwalin da biro, yawanci tsakanin 1975 da 1981. Mama ta ce da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da aka yi wa ma'aikatan gwamnati a lokacin, ya sayi na'urar da lasifikoki biyu, ranar da aka sauke su a ƙofar gida sai da yaran unguwa suka taru.

Na'urar tana nan. Wani dattijo mai gyaran rediyo a Sabon Gari ya sa mata sabuwar roba da allura, ya yi ta mamakin cewa har yanzu akwai mai neman irin wannan gyara. Ranar farko na sha kunya ni kaɗai a ɗaki. Na ɗora wani ƙaramin faifai mai hoton koren tuffa a tsakiya, sai na ji murya tana ja kamar bijimi ya sha maganin barci. Har na fara zagin mai gyara a zuciyata, ashe akwai wani ɗan maɓalli mai lamba 33 da 45 da ban taɓa ba. Da na mayar da shi 45 sai ga Beatles tas, waƙar Hey Jude.

To ga inda gizo ke saƙar. Akwai faya-fayai biyu na wata ƙungiya mai suna Deep Purple. Ɗaya Machine Head, ɗayan Made in Japan, mai kwali ruwan zinariya, shi faifai biyu ne a ciki. Na duba jerin waƙoƙin, huɗu daga cikin bakwai da ke cikin na biyun duk suna cikin na farkon. Na ce to Baba me ya kai ka sayen abu ɗaya sau biyu, kai da ko ashana ba ka bari a ɓarnatar? Da na saurara sai na ga ba haka ba ne. Wata waƙa, Space Truckin', minti huɗu da rabi ce a faifan farko. A na biyu ita kaɗai ta cinye gefe guda, kusan minti 20, da agogon wayata na auna. Ga tafi, ga fito, ga mawaƙin yana surutu tsakanin waƙoƙi, har akwai inda ya ce a ƙara wa kowane abu ƙara fiye da kowane abu, na rasa ko wasa yake ko da gaske.

Haka na tarar da Bob Marley. No Woman No Cry tana cikin Natty Dread, gajera kuma da ɗan sauri. Tana kuma cikin wani da aka rubuta wa Live! a kwali, a hankali, doguwa, jama'a na amsawa. Ita ta biyun ce na sani tun ina yaro, ban taɓa sanin akwai wata ba.

Shi ne nake tambayar masu sani. Wacce ce waƙar ta ainihi, ta situdiyo ko ta gaban jama'a? Shi mai tafi ɗin nan da gaske a wurin wasa aka ɗauka, ko dabara ce ta sake sayar da tsohon kaya? Su kuma ƙananan faya-fayan masu waƙa ɗaya a kowane gefe, mene ne amfaninsu alhali ga babba mai ɗauke da waƙa takwas ko goma? Sannan wani da mai gyaran ya haɗa ni da shi ya kira ni sau uku daga Legas, wai zai sayi akwatin gaba ɗaya a kuɗi ɗaya. Ban ce masa komai ba tukuna.

Masu wa'azi kan kiɗa, na san matsayinku, Allah ya saka da alheri. Yau dai tarihi nake nema.

Tsohon Ɗalibin Samaru:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa Aljanna ce makomarsa. In a Samaru ya yi aiki a waɗannan shekarun, ba mamaki mun sha gogar kafaɗa a shagon faya-fayai ba mu san juna ba. Ka tuno mini da ƙuruciya.

Bari na fara da mai sauƙin. Ƙaramin faifai inci 7 ne, yana juyawa sau 45 a minti. Babba inci 12, yana juyawa sau 33 da sulusi, kowane gefe na ɗaukar minti ashirin ko ɗan fiye. Ƙaramin na gidan rediyo ne da aljihun ɗalibi. Ƙungiya za ta zaɓi waƙar da take ganin za ta kama kunne, ta sa ta a gaba, ta liƙa wata a baya. In ta karɓu sai ta jawo wa babban faifai kasuwa. Amma kada ka ɗauka duk abin da ke kan ƙarami yana kan babba. Hey Jude ɗin da ke hannunka ta fito a watan Agusta 1968, kuma ba ta cikin albam ɗin da Beatles suka fitar a watan Nuwamba na wannan shekarar, duk da cewa faifai biyu ne. Tuffan nan tambarin kamfaninsu ne, Apple. Juya bayan za ka ga an raba tuffan biyu, waƙar da ke wurin Revolution ce. Don haka ƙananan nan ka riƙe su da kyau, wasu ba ka da su a ko'ina cikin manyan.

Batun Deep Purple kuwa, mahaifinka bai yi ɓarna ba. Machine Head an ɗauke shi a watan Disamba 1971 a garin Montreux na ƙasar Suwizalan. Sun je da niyyar ɗauka a wani babban zauren gidan caca, sai ana gobe za su fara, mawaƙin Amurka Frank Zappa na wasa a ciki, wani ɗan kallo ya harba bindigar tartsatsi sama, rufi ya kama, gini ya ƙone ƙurmus. Hayaƙin da suka gani yana bin saman tabkin Geneva shi ne labarin waƙarsu Smoke on the Water, ba wani abu ba. Daga ƙarshe a barandar wani otal da aka rufe saboda sanyi suka yi aikin, na'urorin ɗauka suna cikin wata babbar mota mallakar ƙungiyar Rolling Stones a waje. Ka ga ko na situdiyon ma ba a situdiyo aka yi shi ba.

Wata takwas bayan nan, a Agusta 1972, suka yi wasa kwana uku a Japan, biyu a Osaka, ɗaya a Tokyo. Daga waɗannan darare uku aka tsamo Made in Japan. Mutum biyar ɗin nan ne dai, waƙoƙin nan ne dai, amma sun shafe watanni suna buga su kusan kullum, sun san inda za su saki juna da inda za su sake haɗuwa. Minti ashirin ɗin da ka auna, yawancinsa Jon Lord ne mai ogan da Ritchie Blackmore mai jita suke tafiya inda ransu ya so. Washegari ba za su bi wannan hanyar ba.

Kai Bahaushe ne, abin nan bai kamata ya zame maka baƙo ba. Bakandamiyar Shata kala nawa ka ji? In wani ya tsare ka ya ce wacce ce ta ainihi, me za ka ce masa? Shata bai taɓa zama ya haddace baiti ya maimaita shi daidai ba. In ya hango wani a cikin taro sai ya jefa shi cikin waƙa, 'yan amshi su bi, masu kalangu su bi. Mu kiɗanmu dama na fili ne, rikoda baƙuwa ce ta zo ta same shi. Su Turawa kuwa, tun da Beatles suka daina yawon wasa a 1966 suka koma situdiyo suna ɗora sauti kan sauti, sai faifai ya zama shi ne asali, wasan fili ya zama reshe. Ƙungiyoyi irin su Deep Purple suna tsakiya: a situdiyo suke yanka rigar, a kan dandamali suke sa ta su yi yawo.

Ni dai in ka ce na zaɓa, na Japan zan ɗauka ba tare da na waiwaya ba. Sa gefe na uku, Strange Kind of Woman. Wajen ƙarshe sauran makaɗan za su lafa, Blackmore ya fitar da jimla da jita, Ian Gillan ya mayar masa da ita da murya, ya sake, ya sake mayarwa, suna ta hawa. In ba ka tuna da mai kalangu da maroƙi ba, ka zo Hanwa ka same ni na biya ka kuɗin mota.

Na Marley kuwa an ɗauke shi a zauren Lyceum a Landan, Yuli 1975. Shi ne misalin da ta fili ta danne ta situdiyo har aka manta da ita.

Ka duba mini, akwai Bongos Ikwue a akwatin? Kusan ɗan gida ne. Ya yi sakandare a St Paul's ta Wusasa, wadda ta koma Kufena, ya zo jami'a nan Samaru ya kafa ƙungiya mai suna Unibello Brothers. Da wuya ka shiga ɗakin ma'aikaci a Zariya a lokacin ka rasa faifansa.

Bakano Mai Haɗa Sauti:

Zage-zagi ikon Allah, sai bana kuka gano maɓallin 45? Wasa nake, Allah ya jiƙan Baba.

Ranka ya daɗe Tsohon Ɗalibi, bayaninku ya yi, amma ku bar ni na ɗan zuba ruwan sanyi, don sana'ata ce. Kalmar Live a kan kwali ba rantsuwa ba ce. Zargin da Ɗan Gyallesu ya yi yana da tushe. Akwai faya-fayan wasan fili da yawa da aka dawo da su situdiyo aka yi musu kwaskwarima: inda mawaƙi ya kauce a sake rerawa, inda jita ta yi tuntuɓe a sake bugawa, tafi in ya yi kaɗan a ƙaro. Alive! na ƙungiyar Kiss, 1975, su da bakinsu daga baya suka amsa cewa an gyara shi. Live and Dangerous na Thin Lizzy, 1978, wanda ya haɗa shi, Tony Visconti, ya ce an sake buga kaso mai yawa a situdiyo, 'yan ƙungiyar suka ce ya zuzuta, har yau ba a daidaita ba.

Akwai kuma wani nau'in na tsakiya. In Baba yana da faifan Fela da Baturen makaɗin ganga Ginger Baker na 1971, shi ma Live! aka rubuta masa, to a situdiyon Abbey Road na Landan aka ɗauke shi, aka gayyato mutane kaɗan suka zauna suna kallo. Kiɗan na gaske ne, a take aka buga, amma ba filin wasa ba ne.

Ɓangaren situdiyon ma ba a bar shi a baya ba. Na tabbata akwai Boney M a akwatin nan, don babu gidan da ya tsira. Muryar namijin nan mai kauri da ake ji a faya-fayansu ta Frank Farian ce, Bajamushen da ya ƙirƙiro ƙungiyar. Shi Bobby Farrell da ake gani yana tsalle, rawa ce babban aikinsa.

Made in Japan dai yana cikin waɗanda aka yarda ba a taɓa su ba, kuma kunnena ya gaskata. Yadda nake ganewa: ina neman aibi. Murya ta gaji a waƙa ta biyar, ganga ta ɗan yi gaba ta dawo, lasifika ta yi ƙara ba a so ba. In komai ya fito sumul kamar an goge da dutsen guga, ga jama'a dubu goma na ihu amma ko ɗaya bai shiga makirufon mawaƙi ba, sai na fara shakka.

Kuma kada mu yi wa Turawa dariya. Mu nan da ake kiran mawaƙi biki ya zo da filashi a aljihu, DJ ya saka, shi kuma ya riƙe makirufo yana motsa baki ana masa liƙi, me za mu kira wannan? Ni nake haɗa musu sautin, na san inda aka binne gawar.

Yayar Kongo:

Ƙanena, su Malam sun ba ka tarihi, ni abu biyu zan faɗa.

Na farko, fitar da su daga akwatin ƙarfen nan yau. Zafin Zariya na watan Maris da Afrilu in ya samu faifai a kwance an danne shi da wasu, lanƙwashewa yake kamar gurasa, kuma ba ya miƙewa. A tsaye ake jera su kamar littattafai, nesa da taga, sama da ƙasa saboda gara, don kwalin take fara ci. Ƙurar hunturu kuma ita ke kawo ƙaf-ƙaf ɗin da kake ji. Tsumma mai laushi da ruwa mai tsabta, ka bi zagayen layin, kada ka jiƙa takardar tsakiya. Kada wani ya ce ka sa kananzir ko fetur. Haka ƙanin mijina ya kashe na surukina guda tara a yini ɗaya.

Na biyu, mutumin Legas. Ruwa ba ya tsami banza. Ba don Deep Purple ko Boney M yake kiranka sau uku ba, waɗannan an buga su da yawan gaske, suna ko'ina a duniya. Abin da masu tarawa ke farauta shi ne waɗanda aka buga a Najeriya a shekarun 1970, irin su Try and Love na Ofege, yaran makarantar St Gregory's ta Legas da EMI ta fitar a 1973, ko Chapter One na BLO, ko Funkees. Su ba a buga da yawa ba, akasarinsu kuma zafi da gara sun gama da su. Shi ya sa yake son kuɗi ɗaya a kan akwati ɗaya. Ka rubuta sunan kowanne tukuna.

Kuma ko za ka sayar, ka koma wurin 'yan uwanka. Sun bar maka ne a kan tarkace. In ya zama kuɗi, magana ta canja, kada abin Baba ya raba zumunci.

Abba Kwangila:

Yallaɓai don Allah in ka juye su a waya ka turo mini na Bob Marley ta WhatsApp.

Tsohon Ɗalibin Samaru:

Bakano, na karɓi gyara, ban san labarin Thin Lizzy ba. Amma ka bar mana Boney M, da su aka yi bikina.

Ɗan Gyallesu:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na yi kwana biyu ban leƙo ba saboda na bi maganar Yaya, na kwashe su duka na jera a kantar littattafan Baba, na rubuta sunayensu a littafi.

Yaya, kin yi gaskiya. Ofege na nan, Try and Love, kwalin ya ɗan ci a kusurwa amma faifan lafiya lau. BLO babu. Fela da Ginger Baker na nan, Boney M har uku, Bakano ka ci gari. Baba Tsohon Ɗalibi, Bongos Ikwue guda biyu na samu, kuma na sa gefe na ukun da kuka ce. Ba sai kun biya kuɗin mota ba. Sau huɗu na mayar da allura wurin, har matata ta leƙo ta ce lafiya. Na koma na saurari Machine Head bayan nan, yana da daɗi, komai a wurinsa, amma sai na ji kamar ina kallon hoton fasfo na mutumin da na riga na yi hira da shi.

Ranar Juma'a da yamma na ɗauki na'urar na kai ɗakin Mama. Na fara sa mata Bongos, ta yi shiru, ta bi waƙar da baki har ƙarshe, ita da ban taɓa jin ta yi Turanci ya wuce gaisuwa ba. Sai na ce bari na gwada ta, na ɗora gefe na huɗu na Made in Japan. Ko minti ɗaya bai yi ba ta ce, "Kai, injin markaɗen Malam!" Ashe sunan da ta sa masa ke nan. Ta ce duk ranar Asabar shi yake sawa in zai wanke Vespa, ya juyo lasifika ɗaya ta taga. Ita kuma ta mayar da shi agogo: in ya fara sai ta zuba shinkafa, in tafin ƙarshe ya tashi sai ta sauke. Ta ce ba ta taɓa son kiɗan ba, amma shinkafarta ba ta taɓa caɓewa ba.

Wajen minti na goma sha biyu akwai inda allura ke tsalle, tun ranar farko yake ba ni haushi, har na yi niyyar tambayar ku ko ana gyarawa. Kafin mu kai wurin Mama ta ɗaga hannu ta ce, "Yanzu zai yi tuntuɓe." Ya kuwa yi. Wai babban yayanmu ne, yana rarrafe a 1979, ya kama ƙafar tebur zai miƙe. Baba bai dake shi ba, amma ya yi kwana biyu ba ya cin abinci da kyau.

Na kira yayan namu a Kaduna na ba shi labari, na kuma gaya masa batun mai saye. Ya yi dariya har da tari, ya ce kada a sayar da ko ɗaya, kuma a ajiye masa Boney M. Sauran ma na gaya musu a zauren WhatsApp na gida, babu wanda ya ce a sayar, sai dai yanzu kowa ya tuna yana da wanda yake so. Mutumin Legas ya sake kira jiya, na ba shi haƙuri.

Abba, zan turo in na samu wayar da ke haɗa na'urar da kwamfuta. Bakano, kai ne masani, wace iri zan nema? Kuma dattijon Sabon Gari ya ce allurar da ya sa mini ita ce ta ƙarshe a shagonsa. In akwai wanda ya san inda ake samu a Kaduna ko Kano, don Allah ya sanar da ni.